Waƙa a Bakin Mai Ita: Mawaƙan Zamani da Zaman Karatun Waƙa

Duk inda masu sha'awar adabin Hausa suka haɗu, ko a jami'a ko a zauren marubuta, ba a daɗewa sai zance ya gangaro kan mawaƙan wannan zamani, kuma da wuya a tashi baki ya zo ɗaya. Dattawa da malaman da suka tashi da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sukan ce waƙa ta yi rauni, domin yaran yanzu suna jera kalmomi ne ba tare da sanin ma'auninsu ba, yayin da matasa ke ganin cewa ba a taɓa samun lokacin da waƙa ta yi kasuwa kamar yanzu ba, tun da mutum zai iya rubuta baitoci da safe, kafin la'asar dubban mutane sun ji su a wayoyinsu. Kowane ɓangare yana da tasa hujjar, sai dai mafi yawan waɗannan ra'ayoyi an gina su ne a kan abin da aka gani a takarda ko a fuskar waya, alhali kuwa rubutacciyar waƙar Hausa tun asalinta don kunne ake yin ta, kuma ba a sanin ƙarfin mawaƙi ko rauninsa sai ya tsaya gaban jama'a ya buɗe baki.

Rubutacciya ce, amma kunne ke hukunta ta

Masana adabin Hausa sun raba waƙa gida biyu. Akwai waƙar baka, wato irin ta makaɗa kamar Mamman Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, wadda ake shirya ta a ka, a rera ta da kiɗa da 'yan amshi, sannan akwai rubutacciyar waƙa, wadda mai ita yake zama da alƙalami ya tsara ta baiti-baiti, a da can cikin ajami, daga baya kuma cikin boko. Baiti shi ne gungun layukan da ke tafiya tare, kowane layi kuma ana kiransa ɗango, don haka ake cewa waƙa 'yar tagwai ce idan baitinta ɗango biyu ne, ko 'yar biyar idan biyar ne. Amsa-amo shi ne sautin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗangogi, babba shi ne wanda ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuma shi ne wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti. Abin da ya fi waɗannan duka wahalar kamawa shi ne kari, wato tsarin hawa da saukar gaɓoɓin kalmomi wanda ke sa ɗango ya tafi daidai da ɗan'uwansa.

Gaɓar kalma a Hausa iri biyu ce, mai sauƙi da mai nauyi. Mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, mai nauyi kuwa ita ce wadda wasalinta ke da tsawo ko wadda wani baƙi ya rufe ta. Malaman farko sun tarar Larabci ma haka yake, shi ya sa ma'aunin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, ya zauna wa Hausa daram, har karuruwa irin su Mutaƙarab da Kamil da Basiɗ da Ramal suka zama 'yan gida. Ƙafar Mutaƙarab, alal misali, gaɓa ɗaya ce mai sauƙi da biyu masu nauyi, kamar yadda ake ji a kalmomin “mutane” da “Kanawa” da “maraya”, kuma duk wanda ya furta su a jere zai ji ƙafa tana faɗuwa wuri ɗaya. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti, ta yadda garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, alhali na farko yana farawa da gaɓa mai sauƙi, na biyu da mai nauyi. Saboda haka mai karatu da ido zai iya wuce ɗango mai karyayyen kari bai lura ba, amma da zarar an rera shi, ko wanda bai taɓa jin sunan aruli ba zai ji an yi tuntuɓe.

Yadda waƙa ta riƙa isa ga jama'a

Tarihin rubutacciyar waƙa tarihin murya ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun yi waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa ne domin a rera su ga mutanen da ba sa karatu, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato matan da aka naɗa jagorori, suke haddace waƙoƙinta su kai wa mata a ƙauyuka. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya shirya Waƙar Imfiraji a kan karin kiɗan caji wanda matasa ke so a lokacinsa, wasu suka rubuta masa, kuma makafi masu bara ne suka yaɗa ta kasuwa-kasuwa da tasha-tasha, har mutanen da ba su taɓa ganin littafin ba suka haddace baitoci masu yawa daga cikinta.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama bayan kafa NEPU a Kano a 1950, sai filin lacca ya zama dandalin waƙa, inda mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suke tsayawa gaban talakawa su rera, jama'a na karɓar amshi, waƙar da ta kama kuma ta kwana a bakin 'yan kasuwa. A wannan zamani ne Sa'adu Zungur ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mudi Sipikin kuma ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai, abin da ke nuna cewa mawaƙan lokacin suna sauraron juna, kuma suna ƙalubalantar juna a fili. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da kamfanonin ɗab'i na Zariya sun adana waƙoƙi da dama, amma rediyo ne ya sa Abubakar Ladan Zariya ya zama sananne a gidajen da babu littafi ko ɗaya, ta hanyar waƙarsa ta haɗa kan al'ummar Afirka.

Ƙungiyoyin mawaƙa su ne suka fi kama da abin da a yau ake kira zaman karatun waƙa. Aƙilu Aliyu ya jagoranci Hausa Fasaha, Mudi Sipikin kuma ya jagoranci Hikima Kulob a Kano, wadda 'ya'yanta suke haɗuwa su karanta sababbin waƙoƙinsu, a kuma watsa su ta rediyo a shekarun 1970. Cikinsu har da mata, kamar Hauwa Gwaram da Alhajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tattara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Amfanin irin wannan zama shi ne sabon mawaƙi yana karantawa ne a gaban waɗanda suka fi shi sanin hanya, wanda kuma ya san gobe zai tsaya gaban Mudi Sipikin ba zai kwanta barci da ɗango mai ɗingishi ba.

Mawaƙan yau da ra'ayoyin da ake yi a kansu

Idan aka duba masu rubuta waƙa a yau za a ga sun kasu kashi huɗu, ko da yake wani kan taka gida biyu. Kashi na farko su ne masu riƙe da tsohon tsari, waɗanda suke kiyaye kari da amsa-amo, suna buɗe waƙa da sunan Allah da salatin Annabi, su rufe da bayyana sunansu da ranar da suka kammala. Yawancinsu malaman makaranta ne da ɗaliban sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina, waɗanda suka karanta Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya. Ana yaba musu da tsabtar aiki, ana kuma zarginsu da maimaita jigogin da aka gaji da su, wato ilimi da zaman lafiya da haɗin kai, cikin lafazin da ba ya sosa kowa. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, domin kari mai kyau sharaɗi ne na waƙa amma shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma Mu'azu Haɗeja bai shahara don iya ƙidayar gaɓoɓi ba, ya shahara ne don idan ya kama mashayin giya da alƙalami sai mai sauraro ya ga mutumin yana tangaɗi a gabansa.

Kashi na biyu su ne mawaƙan situdiyo, masu rubuta waƙa a takarda sannan su ɗora ta a kan kiɗan fiyano, kuma Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa, shi ne misalin da aka fi kawowa, kasancewar ya fara da rubuta littattafan ƙagaggun labarai kafin waƙa ta ɗauke shi, kuma har yanzu ana jin tsarin baiti da zurfin Hausa a ayyukansa. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko irin waɗannan waƙoƙi rubutattu ne ko na baka, tun da sun ɗebo daga kowane gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na'ura tana rufa wa mawaƙi asiri, tana gyara masa murya, kiɗa kuma yana cike gurbin gaɓar da ta ɓace, don haka gwajin gaskiya ga mawaƙin situdiyo shi ne a kashe kiɗan a ce ya faɗi baitocin haka nan. Kaɗan daga cikinsu za su tsallake, kuma waɗannan kaɗan ɗin sun cancanci a nazarce su kamar yadda ake nazarin magabata.

Kashi na uku su ne sha'irai masu begen Annabi, waɗanda masu sharhin adabi suka fi mantawa da su, alhali babu mai tara jama'a domin sauraron baitoci kamar su. A watan Maulidi, da majalisun da ake shiryawa a unguwannin Kano da Kaduna da Gusau da Damagaram, mutane kan zauna tun bayan isha'i har tsakar dare suna sauraro, suna karɓar amshi, kuma sukan gane sha'irin da ya zo da sabon abu da wanda ya sake wa tsohon abu riga. Wannan al'ada tana da tushe a karatun Ishiriniya da sauran ƙasidun Larabci, kuma ita ce shaidar da ta fi ƙarfi cewa kunnen Bahaushe bai mutu ba.

Kashi na huɗu su ne masu waƙar furuci, wato waƙar da ake faɗa da hawa da saukar murya da motsin jiki ba tare da rerawa ba, wadda sau da yawa ba ta bin kari ko tsayayyen amsa-amo. Salon ya yi ƙarfi ne a Amurka, inda aka fara gasarsa a birnin Shikago a shekarun 1980, ya shigo Nijeriya ta Legas da Abuja, sannan ya iso Arewa ta hannun matasan da suka yi karatun boko. Maryam Bukar Hassan, wadda ake kira Alhanislam, ita ce fitacciya a cikinsu, kuma galibin aikinta da Ingilishi ne tana sirkawa da Hausa. A kan wannan kashi ne ra'ayi ya fi rabuwa. Masu suka suna cewa lacca ce aka yanka gunduwa-gunduwa, masu goyon baya kuma suna cewa su ne suka dawo da matasa, musamman 'yan mata, zauren waƙa, suna kuma taɓo batutuwan da masu tsohon tsari ke kauce wa, kamar fyaɗe da shaye-shaye da halin 'yan gudun hijira. Duka maganganun biyu gaskiya ne. Abin da ya rage wa masu yin ta da Hausa shi ne su daina kwaikwayon numfashin Ingilishi, domin Hausa tana da nata kayan furuci, wato kirari da take da zambo da habaici da karin magana, kuma kirarin mafarauta da na 'yan dambe ya riga kowace gasa ta Shikago nuna yadda ake girgiza fili da murya tsura.

Abin da ke faruwa a zauren karatu

Dandalin karatu bai yi ƙaranci ba. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma reshenta na Kano ya daɗe yana shirya zaman karatu da Hausa. An fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna a 2017, a 2021 kuma ƙungiyar Open Arts ta fara bikin da ya keɓanta da adabin Hausa. Ranar Waƙa ta Duniya, 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ware a 1999, da Ranar Hausa, 26 ga Agusta, su ma sun zama lokutan da ake taruwa. Sai dai yawan taro daban, ingancinsa daban.

Ga yadda irin wannan zama yakan kasance a wurare da yawa. An sa ƙarfe goma, ba a fara ba sai sha biyu saura, domin ana jiran babban baƙo. Mai gabatarwa ya kwashe rabin sa'a yana jera sunaye da muƙaman waɗanda ke babban tebur, shugaban taro da uban taro da babban baƙo mai jawabi kowa ya yi nasa, sai azahar ta gabato a tuna da mawaƙa, a ce kowa minti uku. Mawaƙi ya fito riƙe da waya, ya sunkuyar da kai yana murza fuskarta da ɗan yatsa, fitilar wayar ta mutu a tsakiyar baiti ya tsaya neman inda ya kwana, lasifika na ƙara, na baya ba sa jin komai. Da ya gama a tafa, wani ya ce Allah ya ƙara basira, a ɗauki hoto, a kira na gaba. Babu wanda ya ce masa ɗango na uku a baiti na biyar ya karye, ko kuma kalmar da ya sa domin amsa-amo ba ta da aikin yi a wurin, saboda haka zai koma gida da kuskurensa, ya sake kawo shi wata mai zuwa.

A zaman da ya amsa sunansa kuwa abin yana da wata kama. Mawaƙin ya haddace waƙarsa, ko aƙalla ya san ta sanin da takarda ta zama abin tuni kawai, idonsa na kan jama'a, ya fara da amshi ya maimaita shi sau biyu har zaure ya ɗauka. Tun da babban amsa-amo ba ya sauyawa, bayan baiti uku ko huɗu masu sauraro sun san sautin da ke zuwa, sai su fara hasashen kalmar da za ta rufe baiti, wasu ma su riga shi faɗa. Gwanin mawaƙi yakan ɗan ja numfashi kafin kalmar ƙarshe, ya bar su su yi zato, sannan ya kawo wadda ba su zata ba amma ta fi tasu dacewa, kuma a nan ne ake jin zaure ya yi guɗa ko kabbara, wani ya ce a maimaita. Wannan jin daɗi ba ya samuwa a takarda, ba ya samuwa a faifan da aka tace a situdiyo, kuma shi ne dalilin da ya sa amsa-amo ya rayu ɗaruruwan shekaru.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe

Ra'ayi a kan mawaƙi haƙƙin kowane mai sauraro ne, amma ra'ayin da za a ɗauka da daraja shi ne wanda mai shi zai iya faɗin dalilinsa. Tambayoyi huɗu sun isa. Shin waƙar tana da ma'aunin da take bi, ko na aruli ne, ko na wani kiɗan gargajiya, ko wanda mawaƙin ya ƙirƙira ya kuma tsaya a kansa? Shin Hausarta ta gida ce, ko tunanin wani harshe ne aka sa wa kalmomin Hausa? Shin ta nuna wa mai sauraro wani abu da idonsa zai gani, ko nasiha ce tsagwaronta wadda kowa ya riga ya sani? Shin akwai baiti ɗaya da mutum zai fita da shi a ka ba tare da ya yi niyyar haddacewa ba? Waƙar da ta amsa waɗannan ta yi, ko mai ita ɗan shekara ashirin ne mai furuci, wadda ta kasa kuma ba ta yi ba, ko mai ita farfesa ne. Yawan mabiya a Facebook da TikTok ba ya cikin ma'aunin, haka nan tsufa ko sarautar da aka naɗa wa mawaƙi.

Akwai kuma adalcin da ya kamata a yi wa na yanzu. Waƙoƙin magabata da ake kafa hujja da su zaɓaɓɓu ne, waɗanda suka tsira bayan zamani ya tankaɗe ɗaruruwan da ba su kai ba, don a lokacin Aƙilu Aliyu ma akwai masu karya kari da masu waƙar neman abin sakawa a aljihu, sunayensu ne kawai suka ɓace. Gwada dukan abin da ake fitarwa yau da littafin waƙoƙin Aƙilu Aliyu, Fasaha Aƙiliya, kamar gwada hatsin da ke masussuka ne da wanda aka riga aka sheƙe. Abin da ya bambanta zamanin nan shi ne masu sheƙewar sun yi ƙaranci, domin yabo ya yi araha, gyara kuma ana ɗaukarsa hassada, alhali Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka nauyin yana kan masu shirya taro kafin kowa. Ya kamata a rage jawabai a ba waƙa mafi yawan lokaci, a nemi mawaƙa su zo da haddar abin da za su karanta, a zaunar da masani ɗaya ko biyu waɗanda za su yi sharhi a fili cikin mutunci bayan kowace waƙa, a kuma haɗa kashi huɗun nan a zaure ɗaya, domin mai aruli ya koyi tsayuwa gaban jama'a daga mai furuci, mai furuci ya koyi auna gaɓa daga mai aruli, dukansu kuma su ga yadda sha'iri ke riƙe taro har tsakar dare. Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita a Kano da Kaduna da sauran birane, suna iya ware rabin sa'a a mako domin waƙar da ba kiɗa, kamar yadda aka yi wa Hikima Kulob, sassan Hausa na jami'o'i kuma su riƙa naɗar muryoyin mawaƙan da ke raye suna adanawa, tun da littafi kaɗai ba ya riƙe kari. Mai karatu kuma, kafin ya yanke hukunci cewa waƙa ta mutu ko ta bunƙasa, ya nemi zaman karatu mafi kusa da shi ya je ya saurara da kunnensa, idan ya ji baiti mai kyau ya nemi a maimaita, idan ya ji karyayye ya faɗa wa mai shi cikin ladabi.